Yatsana ya tuna abin da kaina ya manta

"Sai dai a yi mata filashin, Hajiya, amma komai zai goge," in ji mai gyaran waya a bakin boda, nan Jibiya.

Ɗiyata Hadiza na kwance asibiti a Maraɗi, haihuwa ta zo da gardama. Sunan asibitin da lambar mijinta duk suna cikin wayar. Ni kuwa tun da labarin ya iske ni, lambobin buɗewa suka ɓace mini fes. Da girmana na koyi karatu, har yau in hankalina ya tashi lambobi guduna suke.

Wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da fura ta jawo ni.

"Ɗiyata, yaushe kika saba buɗe ta?"

"Bayan sallar asuba, Inna. Don in ji muryar Hadiza."

"To zamna bisa tabarmata kamar kin sallame. Riƙe tasbaharki. Rufe ido, ki bar kan nan ya huta, ba shi ka aikin ba."

Na zauna, ina salati. Wallahi ban tuna lamba ko ɗaya ba, yatsana ne ya bi hanyarsa.

Wayar ta buɗe.

Saƙon surukina na sama: an sauka lafiya, mace, kuma ga sunan asibitin.

Har muka shiga Maraɗi ina kallon wannan yatsa. Allah mai iko. Ku fa, jikinku ya taɓa riƙe muku abin da kuka manta?