Makulli Ɗaya Ya Rage a Zoben

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, huɗu ga Maris, matarka ta kira ofis ta ce ciwon ƙoda ya yi ajalinka. Malam Rage, mun yi rashi, amma ba ka tafi da aiki a wuya ba.

Mu muka laƙa maka wannan suna, don kowa a ɗakinmu na masu rubuta manhaja ƙari yake yi, kai kuwa sai ragi. A manhajarmu ta ajiyar fayiloli, kowane fayil yana da katin bayaninsa, wanda muke kira inod, kuma makullai biyar muka jibga masa don kada aiki biyu su taɓa shi lokaci guda. Sai wannan aiki ya riƙe makulli yana jiran na wancan, wancan ma yana jiransa, kamar masu tura kura biyu da suka yi kiciɓis a lungu. Na'ura ta sandare, asibitin da ke ajiye bayanan majinyata a wurinmu ya ce in ta sake, mun rabu.

Ni na kawo shawarar makulli na shida. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Ƙanena, ƙofar da ta ƙi buɗuwa ake ƙara wa kwaɗo?" Na ji haushi, wallahi, amma gaskiya ɗaci gare ta.

Ka rataye zobe mai tsofaffin makullai biyar a jikin allonka. Duk wanda ka cire daga manhajar, sai ka zare ɗaya ka jefa a kwandon shara, mu ji ƙarar. Ka kafa doka guda: tunda kowane inod da lambarsa, aikin da ke buƙatar biyu ya fara kulle mai ƙaramar lamba. Makulli na huɗu daga gadon jinya ka cire shi, ka ce in jefar a madadinka.

Mun yi wa na'urar lodin da ba ta taɓa gani ba, ko gezau. Na sanar da kai, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Asibitin da ka cika a cikinsa, da aikinka suke buɗe fayil har gobe.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Zoben na kai wa babbar 'yarka. Ta juya shi ta ce, "Kawu, ɗaya tak?" Na ce mata ɗayan ya isa.