Mastura Mai Leƙa Bakin Kifi

A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haifi Mastura. Mahaifinta, Baba Adamou, mutumin Damagaram ne da ya zo hajji ya zauna, yana kankare kifi a Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda. Ita kuwa halittun teku ta karanta, ta samu aiki a wani ɗakin bincike. Fanninta wasu ƙananan halittu ne dangin ƙaguwa da jatan lande, masu liƙe wa kifin murjani suna shan jininsa. Takan yi nutso a Bahar Maliya, ta duba bakin kifi da ƙarƙashin kunnensa, ta zaro su da hantsaki. Sai ta sa su a madubin ƙara girma ta zana kowace ƙafa da ƙugiyarta, don ta nan ake bambance su.

Wata shekara wani bidiyo ya karaɗe wayoyi: an wage bakin kifi, ga wani farin abu mai baƙaƙen idanu zaune a gurbin harshe. Aka ce guba ce. Masu saye suka ja baya, Baba Adamou ya wuni ba aiki.

"Ke da kika yi karatu, mene ne wannan?"

"Na san shi, Baba. Gobe ina zuwa."

Da safe ta tsaya a teburin Nayef, dillalin da babanta ke wa kankara. Ta bi kifin tana leƙawa har ta samu mai abin, ta zaro shi ta ɗora a tafin hannu. Mutane suka taru.

"Macen ce wannan," in ji ta. "Ta kunne take shiga tana ƙarama, ta kama harshe har ya shanye. Kifi take cuta, ba mutum ba. A cire ta, a soya kifin da kyau, halas, shi ke nan."

Wata tsohuwa ta ce, "In gaskiya ne, 'yata, ci mu gani."

"Yalla, Khala, a soya," in ji Mastura, tana kiranta inna da Larabci.

Aka soya kifin, a tsaye Mastura ta cinye shi da lemun tsami. Tsohuwar ta yi dariya, ta sayi nata.

Tun daga ranar 'yan Bangala ke ajiye mata duk irin waɗannan halittun da suka tsinta. A cikinsu ta gamu da wata da ƙugiyoyinta ba su dace da na kowane irin da ta sani ba. Ta gama zana macen, amma ta ce ba za ta kira ta sabon iri ba sai ta ga namijin. Nayef na roƙon a raɗa mata sunansa.

"Samo min namijin tukuna," in ji Mastura.