Madigadin Hagu na Motar Duane

Orval Stuckey ya yi rayuwar aikinsa duka a shagon abincin dabbobi na garin Fostoria, a jihar Ohio ta Amurka, yana loda buhunan masara a motocin manoma har bayansa ya gaza. Bai taɓa aure ba. Garejinsa ya fi gidansa girma, kuma kowace sifana da ƙusar da take rataye a kai. Abu biyu aka san shi da su: ba ya makara a coci, ba ya kuma yarda wani ya fi shi sanin mota.

Amininsa tun suna makaranta shi ne Duane Rettig, mai shuɗiyar mota Chevelle ƙirar 1969. Fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta, ba a taɓa yi mata feshi ba. A wajen masu tsofaffin motoci wannan ya fi ƙarfin inji daraja, domin inji ana sake shi, fentin asali kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Duk Asabar a lokacin zafi sukan taru a filin shagon askirim, kowa ya ɗaga bonet, ya kafa kujerarsa gefen motarsa, yana amsa tambayoyin masu kallo.

A nan suke gardamarsu, guda ɗaya tak, shekara da shekaru.

"Tsoho, motarka ƙirjin ɗan dambe gare ta, amma ƙafafun sauro," Orval zai ce, yana taka siririyar tayar gaba.

"Da su aka haife ta," in ji Duane. "Ɗauke ƙafarka, ka sha kofinka."

Duane ya rasu cikin hunturu. Da zafi ya kama, abokai suka shirya jerin gwanon motoci daga coci zuwa filin don tunawa da shi. Lorene, matarsa, ta kai wa Orval makulli har gida.

"Ka yi mata juyen mai, ka duba batir. Kai za ka tuƙa ni ranar. Ba wanda zan iya ba wa ita sai kai."

Ya kai motar garejinsa, ya yi juyen, ya duba batir. Sai dai a kusurwar garejin akwai wili biyu masu faɗin inci takwas da tayoyinsu, waɗanda ya daɗe da ajiyewa, alhali na motar inci shida ne. Ya ce wa kansa gwadawa kawai zai yi, ya ga abin da ido sau ɗaya. Ya ɗaga gaban motar a jak, ya ɗaura su, ya juya kowace taya da hannu. Ba inda ta taɓa. Motar ta yi kyau har ya ji ƙwalla ta taru masa, ya ce da ma Duane na nan ya gani.

Abin da shi kansa yake koya wa mutane shi ya tsallake: a sauke mota nauyinta ya zauna, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan a duba. Yana fitowa da baya, ya karya sitiyari a bakin titi, sai ya ji ƙurrr daga gaba. Taya ta gogi leɓen madigadi, wato ƙarfen jikin mota da ya rufe saman taya.

A lokacin ba a yi ɓarnar komai ba, ɗan baƙin roba ne daga ciki, tsumma zai share shi. Da ya kwance tayoyin da maganar ta mutu. Amma kwance su yana nufin Duane ne da gaskiya, kuma Orval bai iya haɗiye wannan ba, ko da mutumin yana kabari. Ya ɗauko sandar wasan besbol, tsohuwar dabarar masu gareji: a cusa ta tsakanin taya da madigadi, a murza a hankali har leɓen ƙarfen ya lanƙwashe ciki. Sharaɗin shi ne a fara gasa fentin da na'urar busa zafi don ya yi laushi. Ɓangaren dama ya gasa da haƙuri, ya tafi lafiya lau. A na hagu hannunsa ya saba, ya ga kamar ya yi zafi isasshe.

Ƙas.

Tsagar ta kai tsawon tafin hannu. Wani ɓallin fenti kamar farce ya faɗo ƙasa. Orval ya tsince shi, ya sa a aljihun rigarsa, ya zauna a kan tayar Duane. Daga baya ya mayar da siraran tayoyin, ya ɗaure kowane noti.

Ranar jerin gwanon, Asabar da safe, ya kai motar ƙofar Lorene. Ta fito da jakarta, ta zagaya ta kamar yadda mijinta yake yi, ta tsaya a hagu.

"Wani ya buge ka a hanya?"

"Ba wanda ya buge ni. Manyan tayoyi na sa mata. Suka goga, na sa sanda."

"Juyen mai na ce, Orval."

"Haka kika ce."

Ta miƙo hannu. Ya sa mata makullin. Ita ta tuƙa, tana figar giya, shi kuma ya taka gida ya ɗauko tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, yana biye can ƙarshen layi.

A filin ta ajiye motar a wurin Duane. Orval ya so ya maƙale a bayan masu layin askirim, sai ya ga ta ɗauko kujerar mijinta ta kafa daidai madigadin hagu.

"Zauna nan. Za su yi tambaya, ni kuwa ban san mota ba."

Butch Kessler, mai shagon gyaran jikin mota, shi ya fara zuwa. Ya durƙusa, ya bi tsagar da yatsa, ya yi fito.

"Kai! Wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aika? Wannan ai sanda ce, ba a gasa ba."

"Ni ne."

"Kai? Farfesa da kansa? To ina manyan ƙafafun da ka ishe mu da su?"

"Suna gareji. Ba su shiga ba."

Haka ya yini. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa, sai ya tambaya, Orval kuma ya faɗa daga farko, bai rage komai ba, kunnuwansa jajur. Askirim ɗin da wani ya miƙa masa ya narke a hannunsa.

Da aka fara watsewa Lorene ta rufe bonet da kanta, ta jefa makulli a jaka.

"In lokacin juye ya yi zan kira ka," ta ce. "Ka zo ka nuna mini yadda ake yi. Nunawa kawai. Hannuwanka a aljihu."

"To," in ji Orval. Ya ninke kujerar, ya tsaya riƙe da ita har ta buɗe masa but ɗin motar.