Kuɗin da banki ya dawo wa Sale

Muna zaune wajen mai shayi a Haɗeja, sai ga Sale abokin aikina yana ta tsaki.

Na ce, "Malam Sale, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya! Rancen gidan nan da nake biya, ashe banki ya cire mini kuɗin ruwa fiye da ƙima. An dawo mini da rarar, wai kuma sai na bayyana ta a takardar haraji. Wahalar nan ta ishe ni."

Tare fa muka fara aiki da mutumin nan. Shi yana cikin gidansa, ni har yau haya nake. Bara ambaliya ta sa na kwashe yarana zuwa wajen surukaina a Miga. Shi kuɗin ruwa aka dawo masa, ni ruwan ne ya shigo mini har kan gado.

Na ce, "Allah ya ba ni irin wahalarka."

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Wallahi ko barka na kasa yi masa, sai washegari.

Jama'a, kun taɓa jin wani yana kuka da abin da kuke roƙon Allah ya ba ku?