Dattijon da Ya Rufe Baki a Ƙofar Likita

Ranar kasuwar Madawa, cikin shekarun yaƙin Nasara, ina zaune a ƙofar gidan likita ina kallon wani dattijo. Dogo ne, ƙafafunsa sun yi fari da tafiya, ya ja amawalin rawaninsa har bisa hanci. Duk sa'ad da layi ya matsa, sai ya ja baya wani ya wuce. Yana haɗiyar miyau yana runtse ido. A wuyansa akwai 'yar jakar taba da kanwa, yana shafa ta, ba ya buɗewa. Ina jin daga wajen Azarori ya fito, inda babba ke kunyar buɗe baki gaban jama'a. Wataƙila wanzami ya riga ya tsaga, boka ya ba da saiwa.

Ma'aikacin da ke ba da magani ya kira shi.

"Baba, sauke rawani in gani."

Dattijon ya waigo ya dube mu, muka kau da kai. Ya sauke. Ma'aikacin ya leƙa bakin.

"Tun yaushe?"

"Damana biyu. Da hwari ɗan ƙurji na, ba ya ko ciwo."

"Wanga ya hi ƙarhina. Sai ka tahi Tawa, wurin babban likita."

"Kwana huɗu ga ƙasa? Wa za ya yanke mini hatsi? Ɗiyana an kwashe su soja."

Ya mai da amawali.

"Bayan girbi, in Allah ya so."

Ya kama hanyar gida. Ma'aikacin ya daɗe tsaye bai kira na gaba ba.