Kwatan ƙwayar da muka ba Sa'ido

Hulda maƙwabciyata ce shekara arba'in da uku. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. 'Yar Manchok ce. Mijinta, marigayi Levi, ya yi aikin gyaran layin dogo a zamanin da muke saita agogo da kukan jirgin safe. Ita kuwa ta yi shekara ashirin da takwas tana shara da wanki a wani ƙaramin ɗakin shan magani na mishan. Ba ta wuce aji huɗu ba, amma a can ta koyi cewa kowane abu yana da wurinsa, kowace kwalba tana da murfinta. Har yau idan ta shanya zanen gado sai ta ja kusurwoyinsa huɗu sun daidaita. Muna kiranta Maman Jason, da sunan ɗanta na fari. Ni kuma da na koyar a firamare har na yi ritaya, Baba Ticha take ce mini.

Bayan rasuwar Levi gidan ya yi mata girma. 'Ya'yan duk suna birane. Ta ci gaba da noman citta a 'yar gonarta, tana yanka, tana shanyawa, tana jera buhuna a sito, amma sai a yini ban ji muryarta ta katanga ba. Nene, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen gari, ita ce ta lura da haka kafin mu. Wata Talata ta sauke ƙwaryarta, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan kyanwa, fari mai baƙin kunne ɗaya.

"Ga abokin hira," in ji Nene. "Ɓera ma zai bar miki sito."

"Wannan ne zai kama ɓera? Ɓera ne zai kama shi," in ji Hulda. Amma ta karɓa da hannu biyu.

Kafin mako ya cika ta sa masa suna Sa'ido, domin babu abin da za a buɗe a gidan bai leƙa ba. Ya cusa kai cikin gwangwanin tumatir, sai da muka shafa masa man gyaɗa a wuya ya fita. Ya kwana cikin tokar murhu don ɗumi, gashin gefensa ya babbake. Ya tauna wayar cajin waya. Daga ranar muryar Hulda ta dawo. Kowace safiya ina jin ta tana faɗa: "Kai, mara kunya, sauka! Wa ya aike ka?" Sa'an nan ta kira ni ta katanga: "Baba Ticha, zo ka ga abin da yaronka ya yi."

Sai ta bi gidan kamar yadda take bin ɗakin marasa lafiya a dā. Ta sa kafinta ya yi wa rijiya murfi mai sakata. Kowane bokiti da ruwa a ciki ta kife masa faranti ta ɗora dutse. Allura da zare suka koma cikin gwangwani mai murfi. In ta gama girki sai ta yayyafa wa toka ruwa. Duk mai babur da ya tsaya a ƙofarta, ba zai tayar ba sai ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin injin.

Abin da ta fi ba wa lokaci shi ne magani. A Hausarmu kalmar ɗaya ce: na ɓera magani ne, na ciyawa magani ne, na sauro da na ciwon kai duk magani ne. Hulda ta ce ba za ta yarda da wannan ruɗani a gidanta ba. Ta raba su kashi biyu, ta ba su suna da kanta. "Maganin mutuwa" shi ne na ɓera, da na feshin gona da ake zuba mata a kwalbar lemo, da kananzir. Waɗannan ta kulle su a tsohon akwatin ƙarfe na Levi, ta rataya mabuɗin a wuya. "Maganin rai" kuwa, wato ƙwayoyin zazzaɓi da na ciwon jiki da man zafi, suna cikin gwangwanin biskit a kan kabad. Ni ne na rubuta mata sunayen biyu da manyan baƙaƙe, na manna. Na yaba mata ƙwarai.

Ranar Laraba, biyu ga watan Fabrairu, iska ta bugo ƙofar sito ta kama ƙafar Sa'ido ta baya. Bai karye ba, amma ya riƙa ɗingishi yana kuka. Washegari da safe Hulda ta shigo gidana da shi a hannu.

"Baba Ticha, taɓa shi. Jikinsa zafi. Jiya bai yi wasa ba ko kaɗan."

Na taɓa. Da zafi kam. A lokacin ban san cewa jikin kyanwa ya fi na mutum ɗumi ko da lafiyarsa ƙalau ba.

"Zan ba shi farasitamol," in ji ta. "Amma ban san nawa ba. Kai ne mai lissafi."

Ina so in rubuta wannan daidai, domin da hannuna a ciki. Ban ce mata a tambayi kowa ba. Na ɗauki biro. Muka ɗora Sa'ido a sikelin citta, ya yi kilo ɗaya da 'yar ɗoriya. Na ce babba yana shan biyu, yaron firamare rabi zuwa ɗaya, saboda haka wannan kwata ya ishe shi. Na sa sabuwar reza na raba ƙwayar gida huɗu, ko gutsure bai faɗi ba. Hulda ta niƙa kwatan da bayan cokali, ta dama cikin nonon Nene. Ƙarfe tara da minti ashirin Sa'ido ya lasa, ya girgiza kai, ya sake lasa kaɗan, ya juya baya.

"Ka gani? Kamar Jason yana ƙarami," in ji ta, tana dariya. "Shi ma sai an danne shi."

Ba mu danne shi ba, domin an kira ta waje a kan maganar buhuna.

Wajen ƙarfe ɗaya na ji ihu. Ban taɓa jin Hulda ta yi irinsa ba, ko ranar da aka kawo gawar Levi. Na shiga babu takalmi. Sa'ido yana kwance a kan siminti, fuskarsa ta kumbura har idanun sun kusa rufewa. Miyau yana zuba, yana numfashi baki buɗe. Hulda ta ɗaga leɓensa. Dasashin da muka sani ja ya koma kalar ƙasa.

"Ya ci guba! Yesu, ya ci guba!"

Ta ruga ta duba akwatin ƙarfe. Kwaɗo yana nan a kulle. Ta buɗe duk da haka, ta ƙirga kwalabe, ta shinshina murafe. Babu abin da aka taɓa. Ta tsaya tsakar gida tana juyawa, tana duban kowane lungu.

Muka hau babura biyu zuwa wurin Jamiluddeen, likitan dabbobi mai ɗan shago kusa da inda ake sayar da awaki. Shanu da kaji ya fi dubawa. Ya kwantar da Sa'ido a kan tebur, ya duba baki, ya duba tafin ƙafa.

"Mama, me ya ci?"

"Ɗana, ba abin da ya ci. Maganin ɓera a kulle. Na ciyawa a kulle. Ga mabuɗi a wuyana. Rijiya a rufe. Ko wani ne ya jefo abu ta katanga?"

"Tun safe babu abin da ya shiga bakinsa?"

"Nono kawai. Da maganin da muka ba shi."

Jamiluddeen ya ɗago kai. "Wane magani?"

"Farasitamol, don ƙafarsa. Kwata ne kawai. Baba Ticha ne ya auna."

"Inna lillahi," in ji shi a hankali. "Mama, ai shi ne gubar."

Hulda ta dube shi kamar ya yi wani yare. "A'a, ba ka ji ni ba. Na ciwon kai nake faɗa. Wanda ake ba jarirai."

"Na ji ki sarai. Mutum yana sha ya warke. Jikin kyanwa ba ya iya narkar da shi, jini yake lalata mata. Ko ɗan guntu yana kashe babba, balle wannan." Ya juyo gare ni. "Baba, duka ya shanye?"

Shekara talatin da biyar ina jan jan biro a kan lissafin yara, ga nawa lissafin yana haki a kan tebur. Da ƙyar na ce ya bar fiye da rabi a kwanon.

"To, ɗacin ne ya taimake ku. Ku gode wa Allah ba ku ɗura masa ba."

Hulda ta zame ta zauna a ƙasa, cikin buhunan dusa. "Da hannuna," take ta maimaitawa. "Na kulle mutuwa a akwati, na ba shi da cokali."

Likitan ya buga waya wurare uku kafin ya sami maganin da yake nema. Ya yi wa Sa'ido allura, ya sa masa ruwa a ƙarƙashin fata. Ya ce ba zai yi mana alkawari ba, a dawo da shi safe da yamma. Kwana uku Hulda tana goya shi a zane a ƙirji, tana hawa babur, tana ɗiga masa ruwa da sirinji. Cittarta ta bari a shanye, kaji suna tonawa. Ba ta ce mini kome a kan lissafina ba, ni ma ban iya kallon idonta ba. Rana ta huɗu kumburin ya saɓe. Ta biyar, da hantsi, na ji ta ta katanga: "Baba Ticha, zo. Yaronka ya saci kan kifi."

Alhamis da ta biyo baya akwai taron zumuntar mata a ikilisiyarmu. Ina ofishin coci ina gyara jerin waƙoƙin Lahadi, taga a buɗe. Da aka zo lokacin shaida, Hulda ta miƙe ta faɗi labarin duka, ba ta rage nata laifin ba, nawa ne kawai ta tsallake. Wasu suka fara dariya, wai shaida a kan kyanwa. Da ta faɗi sunan maganin, dariyar ta tsaya.

Can baya Miriyam, matar mai gadin coci, ta ɗaga hannu. Kowa ya san shekara biyu ba ta gaisawa da maƙwabciyarta, tun da kyanwarta ta mutu ta ce maƙwabciyar ce ta sa mata guba.

"Maman Jason," in ji ta, "ka ce fuskan ya kumbura? Bakin ya yi baƙi?"

"Haka ne."

Miriyam ta dafa bencin gabanta.

"Ni ma na ba nawa kyanwan wannan maganin," ta ce. "Guda ɗaya cur na ba shi."