Kwamfutoci uku na Inna Ungozoma

Mai-Gilashi mai rubuta manhaja ne, kuma ba ya son surutu. 'Yarsa ta fari ta rasu da ƙyanda tana wata goma sha ɗaya, an tsallake ranar rigakafinta a littafin asibiti. Bai taɓa kama sunan kowa ba. Bayan shekara biyu ya je wajen Inna Ungozoma, shugabar asibitin, ya ce zai rubuta manhajar da za ta riƙa fito da sunayen yaran da ranarsu ta zo.

Kwamfutocin asibitin uku ne, kowacce da halinta: tsohuwar Windows mai nishi kamar injin markaɗe, wata Linux ta kyauta, sai Mac ɗin likita. Abokin aikinsa Dogo ya dage a yi da yaren kwamfuta na JavaScript, wanda ke aiki a cikin burauza, wato manhajar shiga intanet.

"Dogo, tsohuwar nan buɗe burauza kaɗai gumi take yi," in ji Mai-Gilashi. "Da yaren Python za mu yi mata."

"To, Sarkin Macizai, mu gani a ƙasa," in ji Dogo, don Python mesa ce da Turanci.

Mako shida Mai-Gilashi yana rubuta ta. A kwamfutarsa manhajar gudu take kamar ruwa, har ya fara waƙa a ofis, abin da Dogo bai taɓa ji ba. Ya kai ta asibiti a filashi, aka danna, shiru. Ashe shi yana da Python a injinsa, su ba su da ita.

"Ɗan nan, ka kawo mana tocila babu batir," in ji Inna.

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauko kujera ya zauna ya taya shi. Dole a ƙunshe manhajar da Python ɗinta, kuma a yi kowane ƙunshi a kan irin injin da zai zauna. Kwana uku suka yi a bayan ɗakin awo, suna jiran likita ya tafi cin abinci su ari Mac ɗinsa.

Linux ta karɓa, Mac ta karɓa. Tsohuwar ta yi nishi, ta yi nishi, Mai-Gilashi a tsaye ya kasa zama. Sai allo ya cika: yara goma sha tara, kowanne da lambar wayar iyayensa, huɗu ranarsu ta wuce.

Inna ta matso, ta bi sunayen da yatsa. "Wannan na san uwarsa, bayan makaranta suke."

Mai-Gilashi ya riga ya zaro wayarsa. "Inna, karanto mini lambar ta farko."